A Wuyan Wa Muka Hau Dutsen?

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Ƙonni da mota biyu. Yawancinmu ma'aikatan buro ne, wato ofis, da zaman kujera ya ajiye wa tumbi, ƙungiyarmu ta motsa jiki kuma ta shirya mana hawan wani dutse da ke bayan Badaguishiri. Muka ratsa Malbaza don ɗaukar abokan tafiya, muka sha shayi da fanke a bakin hanya, manyan motocin siminti na wucewa suna girgiza mana kofuna. Mai shayi ya ƙara wa madara kuɗi, ya ce laifin rufe iyaka ne. A wajenmu ko kaza ta ƙi yin ƙwai, laifin iyaka ne.

Muka juyo muka kama hanyar Tawa. Gonakin Tajaye duk an share, ana jiran ruwa. Da hantsi muka gangara kwarin Badaguishiri, buhunan albasa jibge a bakin kasuwa, arha kamar a ce kyauta.

A gindin dutsen raina ya fara ɓaci. Mutanen da suka ce motsa jiki ya kawo su sun zo da tabarmi, da rago yankakke, da ƙaton akwatin kiɗa da batirinsa, da kula cike da ƙanƙara, kuma babu mai niyyar ɗaukar ko cokali. Aka yi jinga da maza huɗu ƴan dako su hau da kayan. Babbansu dattijo ne ɗan Tajaye, gemu duk furfura, silifa ɗaure da waya a ƙafarsa. Bana bai tafi cin rani ba don matarsa na kwance. Shi aka ɗora wa kular.

Na ce a rage masa kaya. Ya girgiza kai.

"Bari, ɗana. In anka rage kaya, lada za a rage."

Hanyar siririya ce, tsakuwa na zamewa, rana na dukan ƙeya. Mu masu takalman kanti da sanduna muna haki muna neman inuwa, su kuwa suna gaba, wuya ya nutse cikin kafaɗa.

A sama, gaskiya akwai kyau. Kwarin gaba ɗaya shimfiɗe yake a gabanka. Amma ka duba ƙasan ƙafarka: leda, gwangwanin kifi, fasassun kwalabe, sunayen mutane da fenti a jikin duwatsu kamar wani ya tambaye su. Ƴan itatuwan da ke wurin, waɗanda suka riga mu zuwa sun sare su don gashin nama. Mutanenmu suka sare na ƙarshe mai ɗan kauri. Na yi magana, aka ce na cika wa'azi.

Wata Bafillatana da danginta ke kiwo a kan tudun ta kawo nono. Da ta ga ana jefar da ledar ruwa, ta sunkuya ta tsince ta ƙulle a bakin zane.

"Saniyata ta mutu bara," in ji ta. "Da anka feɗe, wannan abu ne cike da cikinta."

Wani daga cikinmu ya ce ta ɗora ƙwaryar a ka, ya ɗauke ta hoto. Ta dube shi, ta kwashe kayanta ta tafi.

Bayan la'asar muka fara sauka. Wannan karon akwatin kiɗan aka ɗora wa dattijon, batirin a hannunsa. A wata gangara da ruwa ya zaizaye, ba ko saiwar da mutum zai kama, ƙafarsa ta zame. Ina bayansa, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi.

Shugaban tafiyarmu ya iso da gudu. Maganarsa ta farko ita ce, "Akwatin dai bai fashe ba ko?"

Sai aka shiga cewa yamma ta yi, hanya da nisa, a ba shi ɗan wani abu mutanensa su kai shi wurin mai ɗori. Ni da direba ɗaya muka ce motarmu ba za ta motsa ba sai da shi. Abokan aikinsa uku suka sauko da shi cikin tabarmar da muka ci nama a kai. A gidan likitan Badaguishiri aka ce ƙashin cinya ne, sai an wuce da shi Tawa. Kafin a sa shi mota ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ba ciwon ya dame ni ba. Ruwa na tahe. Wa za ya shibka mini?"

Aka sa shi mota, aka wuce da shi.

Na iso gida na tarar wayata cike da hotuna: hannuwa sama, haƙora waje, wai mun ci dutse. Babu ɗan dako ko ɗaya a ciki, babu wanda ya tambayi dattijon. Na fita daga ƙungiyar.

Na sha ganin bidiyon manyan duwatsun duniya masu ƙanƙara, inda masu hali ke barin shara tuli, wani lokaci har da gawar wanda ya ɗaukar musu kaya, ina cewa halin wasu ne can nesa. Namu dutsen ɗan tudu ne a kansu, amma halin bai rage ba. Dattijon yana Tawa kwance, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Duk wanda ya nuna muku hotonsa a ƙololuwar dutse, ku tambaye shi a wuyan wa ya hau.