Amfilifayar Baba Ayuba

A duk shekarun da na yi ina gyaran rediyo da kayan sauti a Kafanchan, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Ayuba ya kawo mini amfilifayarsa, akwatin ƙara sautin jita, ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan a zamanin wayar hannu, ku saurara.

Wata Talata ce da hantsi, cikin damina. Baba Ayuba tsohon hedimasta ne daga Fadan Kagoma, shi ke kaɗa jita a cocinsu tun ban san kaina ba. Tare suka zo da matarsa, Mama Saratu, sun naɗe akwatin cikin zane.

"Ɗana, murya nashi ya tafi," in ji shi da ƙarfi, sai ka ce ina tsallaken titi. "Ran Asabar jikata za ta yi aure. Na yi mata alkawari ni zan kaɗa."

Amfilifayar tsohuwa ce, irin mai bawul. Bawul 'yan kwalabe ne na gilashi da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kuma sai sun yi zafi suke aiki. Da na kunna, gaskiyarsa ne, sautin kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa.

A ƙa'idar aikinmu, daga waje ake farawa. Na canza wayar jita, na goge soket, na gwada sifika a wata na'ura. Duk lafiya. Sannan na zare filogi, na sauke wutar da ke maƙale a ciki, don irin wannan akwatin yana iya kashe mutum ko da a kashe yake. Na bi bawul ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin na farko ne ya gaji. Allah ya sa ina da irinsa a cikin kayan da marigayi maigidana ya bar mini, na sa, na mayar da filogi na kunna.

Lokacin an fara yayyafi, shagon ya ɗan yi duhu. Kwalaben suka riƙa yin ja a hankali kamar garwashi, ƙamshin tsohon katako ya tashi. Baba Ayuba ya taɓa jita. Wani sauti mai kauri, mai ɗumi, ya cika shagon ya fita waje, har telan da ke maƙwabtaka da ni ya tsayar da kekensa.

Baba ya ɓata fuska. "Har yanzu yana ƙasa. Ƙara."

Na ƙara har gilashin taga ya soma rawa.

"Ƙara dai."

Na miƙa hannu zan ɗauko mitar gwada wuta, sai idona ya haɗu da na Mama Saratu. Ta taɓa kunnenta, ta girgiza kai. Na bi ta bakin ƙofa.

"Ya daɗe a haka," ta ce a hankali. "Ya ƙi yarda ne. Don Allah kada ka kunyata shi."

Na koma ciki. Sai na rage sautin, na ɗauki akwatin na ɗora a kan bencin da yake zaune, na jingina shi da bayansa. "Baba, a sake gwadawa."

Ya kaɗa sau ɗaya, ya tsaya cik. Ya sake kaɗawa. Kiɗan yana bi ta katako yana shiga jikinsa. Ya lumshe ido, yatsunsa suka kama wata tsohuwar waƙar coci, Mama tana bi da murya ƙasa-ƙasa, ruwa yana sauka a kan kwano. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ni dai na tsinci kaina zaune a kan akwatin kayan aiki, sukundireba a hannu.

Da ya gama, ya juyo ya dube ni.

"Akwatin ya warke tun ɗazu, ko?"

"Ya warke, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya juya wajen matarsa. "Saratu, ran Asabar ki zauna a gaba. In ya yi ƙarfi da yawa, ki ɗaga mini hannu."

Tun daga ranar, in mutum ya ce kayansa ba sa ƙara, ina gwada na'urar yadda aka koya mini, amma ina kuma lura da yadda shi kansa yake magana. Wani gyaran a hannunmu yake, wani kuwa ba namu ba ne. In kun gamu da irin wannan, ku yi naku, ku bar mutum ya faɗi nasa da bakinsa.