Faifan da Ba Ya Numfashi

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da shi, bangon ma na katako. Ni ina ɗinki, shi yana gyara. Mutanen layinmu Mai Kunne suke ce masa. Ni kuwa Injiniya nake kiransa don na san abin yana ba shi haushi, shi kuma ya rama da ce mini Sarkin Warwara, wai ban taɓa ɗinka riga ban warware ta ba.

Da rediyo ya fara. Da zamani ya juya ya koma kan kaset, daga nan talabijin, can da furfura ta fara fito masa sai ga kwamfuta. Bai je makarantar ko ɗaya ba. Yana da wani dogon sukuddireba mai ƙotar itace, ƙotar har ta yi baƙi tana sheƙi. In aka kawo inji sai ya kunna, ya ɗora tsinin a jikinsa, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Ba ya buɗe komai sai ya ji. Ko ni ban tsira ba. Ina cikin taka keke zan ji an buga bango sau biyu.

"Tela, mai! Kekenka na kuka, kai kana ta azabtar da shi."

In na duba kuwa, ƙarfen ya bushe.

A cikin kwamfutocin da yake gyarawa akwai wani faifai da ake ajiye komai a kai, yana juyawa a cikin gidansa na ƙarfe. Wannan faifan shi ne abokinsa. Yakan ce mai lafiya numfashi yake yi kamar kyanwa tana barci, mai ciwo kuwa ƙas-ƙas yake yi, kamar ana taɓa cokali a haƙori. Sau nawa na ji ya ce wa mutum, "Je ka kwashe kayanka daga ciki, wannan ba zai ga ƙarshen wata ba." Masu gardama sukan dawo suna sosa ƙeya.

Autarsa nas ce a wani asibiti. Ita ta fara lura cewa in ana magana yana karkato kai. Ta ja shi wurin likita, likita ya ce kunnen ya fara gajiya, kuma siririyar ƙara ita take fara tafiya. Tun daga nan ta gyara masa ɗaki a gidanta, can ƙarshen gari, ta sa labule, ta ce ya rufe shago ya huta. Ya yi ta zillewa. Da ta matsa, a gabana ya ce mata:

"Auta, ranar da na ɗora kunne a kan inji ban ji abin da ke ciki ba, da hannuna zan ba ki mabuɗi. Kafin nan, ki bar ni."

Ya ce ni ne shaida. Kuma mutum ne da in ya ɗaure magana ba ya kwancewa.

Wata Talata da safe Auta ta biyo da kwamfutarta ta hannu. Faifan ciki ya mutu, kamar yadda ya gaya mata tun wata biyu. Mijinta ya sayo sabo, na sabon yayi, es-es-di suke ce masa. Ranar muka fara ganin irinsa a layinmu. Mai Kunne ya fitar da shi daga kwali ya auna a tafin hannu.

"Wannan ai holoƙo ne. An cuci surukina, an sayar masa da gwangwani."

"Baba, ka dai sa. Zan biyo in na tashi daga aiki."

Na tsaya a bakin ƙofa da kofin shayina ina kallo, don safiya ce, ban fara komai ba. Ya kwance murfin ƙasa, ya zare tsohon faifan ya jefa a kwandon matattun kaya, ya zura sabon, ya ɗaure. Ya soka filash ɗin da yake ɗora wa kwamfuta tsarin aikinta. Komai ya tafi lafiya har aka zo wurin da allo yake tambaya a kan wane faifai za a ɗora. A nan sunan faifan yake fitowa. Wurin fari fat, ba ko layi ɗaya.

Bai damu ba. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya shiga wani shuɗin shafi da yake ce wa ɗakin inji, inda kwamfuta take lissafa abin da ke jikinta. Nan ma ta ce ba ta da faifai. Ya canza wani saiti, ya fito, ya koma, ya mayar da shi yadda yake. Ya canza wa filash rami. Shiru.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko sukuddireba.

Na ga ya lumshe ido. Na ga ya gyara tsinin. Ya koma kunnen hagu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya daɗe. Da ya buɗe ido bai kalle ni ba, ya miƙo mini ƙotar.

"Tela, zo ka ji mini."

Shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa ba wani wannan sukuddireba ba. Na ajiye kofi na manna a kunne. Na ji huuu, ƙarar fankar da ke cikin kwamfutar.

"Ba fankar nake nufi ba," ya ce. "Ƙarƙashinta akwai wata siririya. Kana jin ta?"

Ban ji komai ba. Amma na ga fuskarsa, na ɗauka tsoronsa kada a ce ya lalata kayan surukinsa. Na ɗauka abin da yake so ya ji shi ne faifan yana da rai. Kuma, in faɗi gaskiya, na ji kunyar a ba ni aiki sau ɗaya a rayuwa in ce ban iya ba.

"Ina ji," na ce. "Tana nan, wiii, siririya."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi sukuddireba ya goge shi da gefen riga, ya sa a aljihun tebur ya tura.

"Madalla. Je ka, aikinka na jira."

Sai da na zauna a kan keke na ji ana jan kwali ta bayan bango, sannan na gane abin da na aikata. Na so in tashi in je, na fasa. Me zan ce? In ce ƙarya na yi? Ranar na ɗinka hannun riga a juye, na warware, na sake ɗinka shi a juye. Ba wanda ya buga bango ya yi mini dariya.

Da rana ta yi sanyi Auta ta iso. Ta tarar da kwali uku a ɗaure, tsofaffin rediyonsa a jere a ƙasa. Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya ɗora a kan teburin.

"Ga shi. Tela ya ji, ni ban ji ba."

Wata shida tana neman mabuɗin nan. Ta tsaya tana kallonsa kamar an ajiye mata garwashi. A nan na shigo.

"Injiniya, ban ji komai ba."

"Kada ka lallashe ni, Tela. Ni ba yaro ba ne."

"Wallahi fanka kawai na ji. Ɗazu ne na lallashe ka, yanzu gaskiya nake faɗa."

"To wanne zan kama? Na safe ko na yamma?"

Auta ta ce mu dakata. Ta ɗauko kwalin faifan daga ƙasa tana juya shi, ta karanta Turancin da ke baya, leɓenta yana motsi. Sai ta zauna a kan kujerar baƙi ta fara dariya, dariyar da ta ƙare da share ido da gefen mayafi.

"Baba, an rubuta a nan. Ba abin da ke juyawa a cikinsa. Ba ya ƙara ko kaɗan, abin da suke taƙama da shi ke nan. Ko ɗan jariri ba zai ji komai ba." Ta juyo. "Baba Tela, kai wiii ɗin me ka ji?"

"Wataƙila cikina ne," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya karɓi kwalin ya duba, kamar zai iya karantawa.

"Inji ba numfashi? To ta yaya ake sanin yana da rai?"

Ya ajiye kwalin. Can ya ce, "Ke nan ba kunnena ba ne. Amma har yanzu kwamfutar ba ta gan shi ba." Ya jawo ta gabansa ya kwance murfin. Ya zaro sabon faifan, ya sa hannu a kwandon matattu ya lalubo tsohon, ya jera su gefe da gefe, yadda nake shimfiɗa tsohuwar riga a kan yadi kafin in yanka. Ya bi bakinsu da babban yatsa. Tsohon ya fi tsawo da kamar faɗin farce.

"Kai!" ya ce. "Kai, tsufa!"

Wani ɗan baƙin roba ne mai haƙora a manne a bakin tsohon faifan. Ba nasa ba ne, na kwamfutar ne, shi yake haɗa faifai da raminsa. In babu shi faifai zai shiga ya zauna daram, amma haƙora ba su taɓa juna ba. Ya san wannan sarai, ya cire irinsa ya fi a ƙirga. Da safe ya manta, daga baya kuma tsoro ya hana shi komawa baya ya duba. Ya ɓamɓare shi da farce, ya maƙala wa sabon, ya zura, ya kunna. Da aka zo wurin nan fari, sai ga layi ɗaya ya fito.

Auta ta ɗauki mabuɗin ta sa masa a aljihun riga da kanta.

"Ɗakin yana nan, Baba."

"Na sani. Ki riƙa buɗe taga." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, Sarkin Warwara, tunda kai ka sa na ɗaure kwalayen nan, zo ka warware."

Ya ƙara shekara huɗu a shagon. Ya koyi faifan da ba ya numfashi da ido da yatsa, ko da yake bai taɓa sonsa ba. Yakan ce aiki da shi kamar zama ne da mutumin da ba ya gaisuwa.

Wata safiya na ji kekena yana kuka. Na ci gaba da takawa da gangan, ina jiran bango. Na taka har hantsi ya wuce, ba a buga ba. Na tashi na ɗiga mai da kaina, ban gaya wa kowa ba. Bayan sati biyu ya kira Auta ya ba ta mabuɗi, wannan karon bai nemi shaida ba.

Allah ya jiƙansa. Shagon yanzu ana sayar da takalma. Sukuddireban yana wurina, shi ya bar mini, ya ce in riƙa jin wiii da shi.