Malam Babu, Ma'ajin Da Suka Kora Kafin Su Yi Kukansa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranka a gadon asibiti, Malam Babu, tsohon ma'ajin bankinmu. Dukanmu nasa ne, kuma can muka dosa. Labarin ya same ni a ɗakin taro na hawa na huɗu, inda ni da kai muka shafe shekaru muna sa-in-sa. Sakatariya ce ta leƙo ta faɗa. Shugaban banki ya ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa," ya juya shafi, aka ci gaba da taro.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ban taɓa jin daɗin aiki da kai ba. Ni ce shugabar sashen ba da rance, aikina in fitar da kuɗi. Kai kuwa naka shi ne ka auna abin da banki ya mallaka da abin da ake bin sa, ka tabbatar duk wanda ya zo karɓar ajiyarsa ya samu. Ni na laƙaba maka Malam Babu, har masu gadi suka ɗauka, aka manta sunanka na yanka. Sai in yi wata guda ina bin ɗan kasuwa, in duba shagonsa, in duba kadararsa, in shigo da fayil ina murna. Kana can ƙarshen tebur da fensir a bayan kunne da filas ɗin ruwan zafi, sai ka ɗago ka ce, "Hajiya, rancen shekara bakwai kike son ba shi, masu kuɗin kuwa wata uku suka ajiye mana. Ran da suka zo, da me za ki sallame su? Da injinsa?"

Har yau ina riƙe da kai a kan mai masana'antar ƙanƙara. Mutum ne mai gaskiya, kasuwarsa a bayyane take, ka hana. Ya tafi wani banki suka ba shi, yanzu motocinsa ta ƙofarmu suke wucewa kowace safiya. Na faɗa maka ido da ido cewa ka yi kuskure, kuma ban janye ba. Amsarka dai ɗaya ce: "Mutumin kirki ne, kuɗin ne ba namu ba." Taurin kanka ya sa na sha komawa ofis ina huci.

Amma ranar da maigidana ya yi haɗarin mota aka ce ana neman jini, kai na gani a barandar asibiti ka naɗe hannun riga. Ban kira ka ba, ban ma san wanda ya gaya maka ba. Litinin na zagayowa ka yi watsi da fayil ɗina guda biyu. Na ce, "Malam, jini ka bayar, kuɗi ka hana?" Ko murmushi ba ka yi ba, ka ce, "Jinin nawa ne."

Wanda bai ga shekarar da bankin tsallaken titi ya rufe ƙofa ba, bai san amfaninka ba. Tsoro ya kama mutane, suka yi mana ca. Layi ya fita daga zauren banki ya zagaye katanga, mata da goyo, tsofaffi masu fansho, ƴan kasuwa suna dukan gilashi. Manyanmu suka kulle kansu a sama suna ta waya. Kai ka sauko. Takardun lamunin gwamnati da ka dinga tarawa ana maka dariya, ana cewa ka kwantar da kuɗi suna barci, su ka sayar a ranar. Ka sa aka buɗe kowane kanta, ka ce a jera daurin kuɗi a bayan kashiyoyi inda kowa zai gani, ka ce ba za a rufe ƙofa ba sai na ƙarshe ya karɓa. Na ga wata tsohuwa ta cire duk abin da take da shi, ta zauna a benci ta dube shi da kyau, sannan ta sake bin layi ta mayar. Mako bai cika ba layin ya watse.

Hoton wa aka buga a jarida? Na shugaban banki, yana bayani a kan hangen nesansa. Ko sunanka bai ambata ba.

To, yanzu bari in juya ga manyan bankinmu, waɗanda na rubuta wannan domin su karanta. Kun san abin da kuka yi. Surukin shugaban daraktoci ya zo da zancen rukunin gidaje, yana son rancen shekara goma, kuka ce a ɗauko daga ajiyar kamfanoni mai wa'adin wata uku. Kowa a teburin nan ya san ramin da ake haƙawa, kowa ya sunkuyar da kai. Malam Babu kaɗai ya ajiye fensir ya ce wa shugaban daraktoci, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba. Ku nemo kuɗi masu dogon zama, ni zan fara sa hannu." Ni da ba ma shiri na goyi bayansa, kuka ce in tsaya a sashena.

Ba ku da ƙarfin halin korarsa a fili, sai kuka yi masa ƙarin girma na ƙarya. Kuka kira shi mai ba da shawara na musamman, kuka kai shi wani ɗaki a bayan janareta, babu waya, babu mai shiga, bango sai rawa yake. Mutumin da ya tsare ajiyar dubban mutane ya koma karanta jarida cikin hayaƙin dizal. Kullum kuma yana zuwa a kan lokaci, da rigarsa a goge. Da kuka ga bai gaji ba, kuka yi masa ritayar dole, kuka soke katin asibitinsa a watan. Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ƴarsa ta yi ta zarya a ofishinku, kullum sai a ce mata kuna taro.

Sai ga ku a gidan makoki, motoci sun toshe layi, har da mai ɗaukar hoto. Shugaban banki ya zauna a falon nan mai tsofaffin kujeru yana share ido, yana cewa banki ya yi rashin ginshiƙi. Ya miƙa wa mai ɗakin marigayi ambulan mai kauri. Baiwar Allah ta dube shi, ta tura masa abinsa a kan tebur ta ce, "Alhaji, ku mayar wa masu ajiya. Da ransa bai ci nasu ba, ba za mu fara yau ba." Mai hoton ya sauke kyamararsa. Ban taɓa ganin babban mutum ya rasa inda zai sa hannunsa irin ranar ba.

Malam, ga labarin da ka bari. Sun ba da rancen, gidajen nan kuwa sun tsaya a linta, ko rufi ba a yi ba, ciyawa ta fito a cikinsu. Kamfanoni sun fara neman kuɗinsu. Wanda suka ɗora a kujerarka, mai cewa to kafin a gama tambaya, kullum yana waya yana aro daga wasu bankuna da riba mai tsada don a wuni lafiya. Ba sa son a faɗa. Na faɗa a taro, na rubuta wa masu sa ido a kan bankuna, kuma ga shi na faɗa a nan. In sun ga dama su share mini ɗakin bayan janareta.

Allah ya gafarta maka, ya yafe maka zafin bakinka da nawa, ya haskaka kabarinka, ya sa amanar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da ba wanda zai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da ƴarka, da ƙannenka, da jikokinka. Allah ya ba ku haƙuri, ya rufa muku asiri. Tsofaffin da suka damƙa mana fanshonsu, Allah ya tsare musu guminsu. Su kuwa na hawa na huɗu, ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su yi rashi ba. Da hannunsu suka yar.