Akwatin Gurnani Lafiyarsa Ƙalau

Karo na uku ke nan a wata guda da Gurnani ya kinkimo akwatin sautinsa zuwa shagon mai gyaran rediyo. Akwatin ba ƙarami ba ne, amfilifaya ce da lasifikarta a haɗe, nauyinsa ya kusa na buhun siminti. Shi kuwa mai kinkimar ya ba sittin baya da 'yan kai, ga ciwon ƙugu. Ya dire shi a bakin ƙofa, ya jingina jakar jitarsa da bango, ya tsaya yana haki. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya shaida wa mai gyara cewa aikin da ya yi masa wancan makon aikin banza ne, muryar akwatin har yanzu a dushe take kamar ta mai mura.

Mai gyara tsaransa ne, tare suka taso a layi ɗaya, don haka bai ɗauki maganar da zafi ba. Ya ture wata tsohuwar talabijin gefe, ya share tebur da hannun riga, ya ce a ɗora.

Gurnani ba sunan yanka ba ne. Tun yana saurayi abokan kiɗa suka laƙaba masa, saboda jitar da yake kaɗawa, wato bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ke fitowa daga ƙasa kamar gurnanin zaki. Shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da ita. Da rana ya yi aiki a maɗaba'a, tsaye a gindin injin buga littattafai har ya yi ritaya, amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ambaci maɗaba'a ba. Jitar kuwa guda ɗaya ce tun farko, a hannun wani direban babbar mota ya same ta. Fentin wuyanta ya goge tas a inda babban yatsansa ke zama, har katakon ya yi ɗan kwari daidai yatsan.

Mutum ne mai ra'ayi, kuma ba ya ajiye shi a ciki. A wurinsa duk mai kaɗa bes mai tsirkiya biyar ɗan burga ne, huɗun ma bai gama da su ba ya je ya ƙaro ta biyar. 'Yan akwatunan nan da samari ke jerawa a ƙasa suna takawa da ƙafa don sauti ya canza, ya ce kayan wasan yara ne, sauti a yatsa yake. Kullum maganarsa ita ce bes gishirin kiɗa ce, ba mai yabonta in ta ji daidai, sai ranar da babu ita kowa zai yamutsa fuska. Ya yarda da wannan rabo, har alfahari yake da shi. Ba a taɓa manna hotonsa a bango ba, ba a taɓa yi masa tafi shi kaɗai ba, bai kuma taɓa nema ba. Abin da yake nema ɗaya ne, ya tsaya a bayan dandamali ta hagun mai ganga, ya lumshe ido, ya ji kiɗan yana tafiya a kan kafaɗarsa.

Wannan tsayuwar ce yanzu ake shirin raba shi da ita. Ƙungiyarsu mutum biyar ce, duk Asabar suna wasa a lambun wani otal daga ƙarfe huɗu zuwa faɗuwar rana. Wanda ya kafa ta ya rasu, ɗansa mai kaɗa piyano ya gaji shugabanci. Gurnani ya goya shugaban nan yana jariri, shi ya sa har gobe Kawu yake ce masa. To a gwajin ranar Talata shugaba ya ja shi gefe, yana sosa ƙeya, ya ce mai otal ya yi ƙorafi sau biyu. Bes ta danne kowa, mai waƙa tana ta ƙoƙari har muryarta ta shaƙe, baƙi suna jan kujerunsu baya. Ya ce in Asabar mai zuwa haka ta sake faruwa, dole Kawu ya huta, shi zai riƙa cike gurbin bes da hannun hagu a kan piyano.

Hannun hagu! Wannan kalma ta fi komai ƙona wa Gurnani rai. Shekara arba'in da ɗaya, a ce hannun da ko abinci ba a ci da shi zai maye gurbinsa.

Shi a ganinsa ya san inda matsalar take, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwatin ne ya tsufa. Sauti yana fita, amma ba kaifi, ba ka jin bakin kowane bugu, sai wani gunji kamar ana magana a cikin randa. Dole ya riƙa murɗa makunnin sama don ya ji abin da yake kaɗawa. Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya kwance tsirkiyoyin ya dafa su a ruwan zafi don dattin yatsa ya fita, dabarar tsofaffin makaɗa, a cikin tukunyar matarsa kuwa, abin da ya jawo masa kwana biyu ba a yi masa magana mai daɗi a gida ba. Ya canza waya. Ya sa mai gyara ya sake dalma a kowane lungu, ya sa an canza takardar lasifika. Banda akwati kuma, yana da ƙorafi a kan mai ganga, wani dogon mutum da ake ce wa Dogo, wanda suka shekara talatin suna wasa kafaɗa da kafaɗa. Gurnani ya ce Dogo ya zama malalaci, ya daina buga faifan ƙarfen nan mai cas-cas da ke riƙe musu lokaci. A gaban kowa ya faɗa masa haka ranar Talata. Dogo ya dube shi kawai, ya ci gaba da ɗaure fatar gangarsa. Laifi tudu ne, in ji masu magana.

Mai gyara ya kwance bayan akwatin, ya bi wayoyi da mita ɗaya bayan ɗaya, ya hura ƙura, ya mayar ya ɗaure. Sannan ya jona jitar, ya miƙa wa mai ita, ya ce ya saita yadda yake saitawa a wurin wasa. Gurnani ya murɗa makunni har ya wuce bakwai, ya ja tsirkiya mafi kauri.

Gilashin taga ya ɗauki rawa. Ƙananan kusoshin da ke cikin murfin gwangwani a kan tebur suka shiga tsalle, biyu suka gangaro ƙasa. Telan da ke shagon gefe ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko gini ake rushewa.

Gurnani ya ɗaga hannu daga jitar, ya dubi abokinsa da fuskar wanda ya ci shari'a. "Ka ji ko? Ba murya. Kamar an toshe masa baki da tsumma."

Mai gyara ya matso kusa da akwatin. Ya rage sautin, ya ɗauko wani ɗan ƙaramin agogo mai ƙararrawa da aka kawo masa gyara, ya zagaya bayan Gurnani kamar mai neman sukundireba, ya kunna shi dab da ƙeyarsa. Agogon ya yi ta tsiwa har tela ya sake leƙowa. Gurnani yana sunkuye yana goge tsirkiya da hankici, ko gezau. Sai da mai gyara ya zagayo da agogon ya riƙe masa a gaban ido, 'yar gudumar tana ta karkarwa tsakanin ƙararrawa biyu.

"Mutumina," in ji mai gyara, da ƙarfi yadda zai ji, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sau uku ina buɗe akwatin nan, sau biyu ina yi maka ƙarya don kar ranka ya ɓaci. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace ba ni da kayan gyaransa a shagon nan, asibiti ake kai shi."

Abin da Gurnani ya faɗa masa a ranar ba na maimaitawa ba ne. Ya kira shi ɗan koyo, ya ce daga yau ko fitilar hannu ba zai sake kawo masa ba. Ya sunkuci akwatinsa shi kaɗai, ya ƙi yarda a kama masa, ya tari mota ya tafi gida yana huci.

Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a falo. Ya zayyana mata rashin mutuncin da aka yi masa, yana jiran ta taya shi faɗa. Ta gama ninke zanen da ke hannunta tukuna, sannan ta juyo ta fuskance shi sosai, kamar yadda ta saba yi a 'yan shekarun nan ba tare da ya taɓa lura ba. Ta ce shekara biyu ke nan ba ta yi masa magana daga kicin, sai ta zo gabansa. Ta ce jikokinsu sun daina kiransa a waya ne ba don rashin kunya ba, sun gaji da maimaita magana. Ta ce maƙwabta sun san duk labaran da yake saurara a rediyo.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Malam. Ba ka ji ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ya shige ɗaki ya zauna a bakin gado, takaici ya cika shi har wuya. Da yatsu ne suka gaza, da ya gani da idonsa ya haƙura. Da akwati ne, da an gyara. Amma a ce kunnen da ya yi shekaru yana gyara wa mutane kuskure da shi, kunnen da yake jin tsirkiya ta saki tun kafin mai ita ya ji, shi ne ya yaudare shi, ya bar shi yana zagin bayin Allah. Ya tuna injin maɗaba'a, ya tuna shekarun da ya yi da lasifika dab da ƙeya. Ya tuna abin da ya faɗa wa Dogo a gaban mutane, kunya ta rufe shi shi kaɗai a ɗaki.

Washegari ya je asibiti, suka ba shi rana sai bayan mako uku. Asabar kuwa saura kwana biyu.

Ranar ya riga kowa isa lambun otal. Ma'aikata suna ta jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Da Dogo ya iso da gangunansa, Gurnani ya je ya kama masa jaka, abin da bai taɓa yi ba. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, bai saba ba. Ya dai tambaye shi ko har yanzu yana buga faifan nan. Dogo ya ce bai taɓa fasawa ba ko sau ɗaya. Ya ƙara da cewa ya fi shekara yana lura, in Gurnani ya yi gaba sai ya bi shi, in ya ja baya sai ya jira shi, don kar yaran su gane.

Da shugaba ya zo, Gurnani ya kira shi, ya nuna masa akwatin. Ya ce ya saita makunnin inda ya ga dama, da kunnensa na mai ƙuruciya. Shugaba ya sunkuya ya mayar da shi uku. Gurnani ya zaro salatif daga aljihu ya liƙe makunnin da kansa, don ya san halin hannunsa. Ya ja akwatin ya jingina ƙafarsa da shi, ya juya ya ba baƙi gefe, ya kafa wa hannun Dogo ido.

Haka ya yi wasan awa biyu. Daga jitarsa ba abin da ke iso masa sai ɗan motsi a ƙwauri da wani gunji can nesa. Yatsu suna zuwa inda suka saba zuwa, sandar Dogo tana sauka yana sauka tare da ita. Sau uku hannunsa ya kai kan salatif ɗin, sau uku ya janye. Ya ga bakin mai waƙa yana buɗewa ba tare da jijiyar wuyanta ta tashi ba. Ya ga wasu dattawa biyu sun ture kujeru sun miƙe suna taka rawa, abin da aka daɗe ba a gani ba a lambun nan. Duk ya gani, kamar mai leƙen biki ta tagar gidan wani. Bai taɓa jin kaɗaici a kan dandamali irin na ranar ba.

Da aka tashi, shugaba ya tsallako wayoyi ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu, fuskarsa fal murna. Ya ce mai otal da kansa ya yaba, zancen hutu kuma ya mutu. Ya matso kusa ya ɗaga murya.

"Kawu, wallahi rabon da in ji bes mai daɗin ta yau tun Baba yana da rai. Musamman waƙa ta huɗu, inda ka sauka ƙasa kafin amshi."

Gurnani ya ci gaba da naɗe wayarsa a gwiwar hannu har ya kai ƙarshenta, ya ɗaure, ya sa a jaka. Sannan ya jawo kujera ya zauna, ya nuna wa shugaba ta kusa da shi.

"Zauna nan, ɗana, ta inda zan ga bakinka," ya ce. "Ba ni labarinta a hankali. Yaya ta fita?"