Sunan Matata Ya Ɓace Mini a Gadon Asibiti

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, a lokacin ko sallama ba na iya amsawa.

Na daɗe da ciwon suga, amma sai jiki ya matsa mini nake shan magani.

Ina tsaye ana loda albasar da za a ƙetara da ita Ƙonni, na buɗe baki zan ce wa direba ya matsa gaba, sai wata magana daban ta fito. Ƙanena Bello ya ce, "Yaya, mi ya samu bakinka?" Na so in shafa, hannun dama ya ƙi tashi.

Daga asibitin Illela aka tura mu Sakkwato. Hoton kai, ɗibar jini, sukar yatsa safe da yamma. Sai da Bello ya sayar da albasar da muka ajiye kafin a yi hoton.

Ba hannun ne ya fi ba ni tsoro ba. Matata na zaune tana ba ni kunu, na san ta sarai, amma sunanta babu. Na matsa wa kaina, sai na ce mata "cokali". Ta yi dariya, ta fita waje. Ina jin kukanta.

Likitar da ke duba ni ta ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwata. Ta ce akwai wasu ƙananan 'yan aike a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wai maikuro-RNA, masu tsara aikin gyara. Bayan shanyewar jiki sukan canza, a jikin mai suga kuma canjin daban ne, ana zaton yana jinkirta warkewa.

Bello ya ce, "To a cire su mana."

Ta ce, "Ba ciwo ba ne, kowa na da su."

"Ina ake sayar da maganinsu?"

"Babu tukuna, bincike ake yi. Ku dai riƙe sugansa."

Har yau ban gane ba. Abin da ido ba ya gani, yana cikin kaina, kuma tuwon da nake ci ya shafe shi?

Muka dawo gida, ana ta gashin ƙashi. Wata rana da hantsi ƙishirwa ta kama ni, ban ma yi tunani ba na ce, "Rabi, ba ni ruwa." Ta tsaya cak a bakin ƙofa ta ce, "Sake faɗi." Na sake.

Alhamdulillahi, yanzu ina takawa da sanda. Allah Ya saka wa Rabi da Bello da ma'aikatan jinya da alheri.

Masu suga, ku sha magani ko kuna jin garau. In bakin mutum ya karkace ko maganarsa ta harɗe, kada a ce iska ce, kada a jira gobe, a nufi asibiti.

In kuma mun haɗu a kasuwa na tsaya ina kallonku shiru, ba girman kai ba ne. Ku faɗa mini sunanku kawai, mu gaisa.