Dakan da Ba Hatsi

Na daɗe ina fitowa a wasannin talabijin. Da ana ba ni budurwa, aka koma ba ni uwa, yanzu kuwa duk inda ake neman tsohuwa ni ake bugo wa waya. Ban ƙi ba, gwiwoyina ma sun amince da hukuncin. Amma bara da aka ce zan fito a tsohuwar da gigin tsufa ya kama, gajiya ta sauko min tun ba a kunna kyamara ba, don na san abin da za a nema. Daraktan yaro ne, na haife shi a shekaru, ga ladabi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Mama, za ki ɗaura zani a baibai, ki zuba gishiri a shayi, ki kori ɗanki da muciya kina cewa ɓarawo. Mutane suna cikin matsi, abin dariya suke so."

Gaskiyarsa, ana cikin matsi, ni ma ina ciki, aikin ba kullum yake zuwa ba. Sai dai ni a gidanmu na san gigin tsufa, kuma ban ga yadda zan ɗauki kakata in mayar da ita abin dariya a gaban duniya ba.

A wani ƙauye na tashi, tsakanin Bagwai da Rimin Gado, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a bayan gidanku maƙwabci ya ce maka sannu. Shekarun da nake tunawa na fari ne, lokacin da damina ta yi ta yaudarar mutane: a yi shuka, ta tsiro, ta ƙone. Maza suka watse ci-rani, Baba ya zauna saboda mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya. Tuwo ya koma na garin rogo, miyar kuka ba daddawa. In an idar da isha'i sai mu yara mu cusa kai ɗakin Iya, ta hura wutar kara. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta mutu, don haka hannunta ɗaya kullum yana kan tura kara, baki kuma yana aiki.

"Ku matso," in ji ta, "ga baƙuwa ta iso bakin ƙofa."

Mu ce, "A shigo da ita!"

Tatsuniyar da ta fi yi mana a shekarun nan ita ce ta matar da gara ta cinye wa rumbu. Wai wata mata ce, mijinta ya yi nisa, ta bar damman geronta a rumbu tana murna. Gara ta biyo ta ƙasa ta cinye tas, ranar da ta zura hannu sai ƙasa ta damƙo. Ba ta yi kururuwa ba. Kowace safiya ta ɗauki ƙwarya ta je rumbu, ta rufe ta da faifai, ta dawo tana tafiya kamar mai ɗauke da kaya. Ta zo gaban turmi ta kama daka, tim, tim, tim, don maƙwabta su ji gidan ana daka, kada a raina mata 'ya'ya a wurin wasa. To akwai maƙwabciya a bayan danga, kuma ba macen da ba ta san ƙarar turmin da ba komai a ciki ba. Ta ji, ta yi shiru. Da duhu ya yi ta zura hannu ta kafar danga ta zuba mudun gero a turmin. Da safe ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da daka!" Waccan ta amsa, "Yauwa, sannunmu." Haka suka yi ta yi har sabon hatsi ya shigo, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar, har suka mutu.

Yayata Ladi, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta ce, "Iya, wannan mata ai ƙarya take yi."

Iya ta nuna ta da guntun kara. "Ji min mai bakin ganga. Wa ta cuta? Kafaɗunta kawai ta wahalar. Ba ƙarya ba ce, sutura ce. Kuma in kin ga mutum yana rufa wa kansa asiri, ki kama masa gefen zanin, kada ki ja. Nan baƙuwar ta sauka, ni ma nan na sauke ta."

Ban san ranar da abin ya fara mata ba, ba wanda ya sani. Na dai tuna ta soma tsayawa a tsakiyar tatsuniya, ta ƙura wa wuta ido, sannan ta juyo tana murmushi ta ce, "To, in da gaske kuna saurare, wa zai gaya min abin da ya biyo baya?" Mu yi ta rige-rigen faɗa. Ta gyaɗa kai kamar malamar makaranta, ta ce, "Madalla, ashe kunnuwan ba na ado ba ne." Mu a zatonmu sabon wasa ne, har muna jin daɗi.

Sai sunayenmu suka bar bakinta. Mata duk muka koma "ƙawata", maza "maigidana", irin wasan kaka da jika, wa zai ce wani abu? Manya kuma ta lulluɓe su da alkunya. Dama Baba shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ko yana tsugune a bakin ƙofarta sai ta ce, "Ku gaya wa mutumin nan katangar baya ta tsage." Yanzu sai kowa ya zama "mutumin nan" da "baiwar Allahn nan". Matan unguwa har yabo suke yi, wai Iya tsufa ya ƙara mata kunya.

Mahaifiyata, Inna, ita kaɗai ta ji ƙarar turmin. Matar da a da ba ta zama a ɗakin surukarta, sai ga ta kullum a dokin ƙofa da ɗinkin faifanta, wai hasken wutar take bi. In yaro zai shigo ta ce, "Kai Sani, ka gaida Iya mana," don sunan ya riga shi shiga. In tatsuniya ta tsaya cik, ta ce da ni, "Hajara, daina motsi, ki bari Iya ta kai mu wurin danga." Iya ta cafe, ta ci gaba. Ba su taɓa haɗa ido a kan haka ba.

Abin da na gani da idona, ban fahimce shi ba sai da na tsufa a sana'a: gumi a goshinta cikin sanyi, da yadda take damƙe bakin zaninta in baƙo ya yi sallama, har sai wani ya ambaci sunansa. In mun watse ta zube a gado kamar wadda ta yini noma. Ni da nake cin abinci da kwaikwayo na san nauyin riƙe fuska na ɗan lokaci a gaban kyamara. Ita daga asuba take riƙe tata har dare, ba mai cewa a yanke a huta.

Wata ranar sanyi, muna zaune ta fara tatsuniya, Baba ya kawo damin kara ya ajiye, ya tsuguna a waje yana gaisuwa yadda ya saba. Iya ta ɗaga kai ta dube shi tsaf a fuska, ta kira sunan da ni ma sai dai in rubuta, ba na iya faɗa da bakina.

"Haruna! Shigo ka ji ɗumi mana."

Ko mu yara mun san wani abu ya karye. Baba ya daɗe a tsugune, sannan ya cire takalmi ya shigo, ya zauna a cikinmu da gemunsa da komai, ta ci gaba da labarinta. Inna ta tashi ta shige madafi, ina jin tana jan hanci. Daga ranar ba sauran rufi. Iya ta manta hanyar bayan gida, ta manta raka'o'in sallah, damina na zagayowa Allah ya karɓi abarsa.

Duk wannan na zayyana wa darakta a wurin ɗauka, muna zaune a inuwa ana jiran a gyara janareta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wallahi Mama ya taɓa ni. Amma wa zai gane? Iyayen yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa har da laƙabi. Kuma tsohuwar da kike kwatantawa ai kamar lafiyarta ƙalau, mai kallo zai canza tasha." Muka yi ta ja har na gaji da jin muryata. A ƙarshe ya yafe min muciya da zanin baibai, ya ɗora barkwancin a kan wata maƙwabciya a wasan, ya bar min fitowa ɗaya tak in yi yadda nake so. Na zauna gaban wuta, na yi murmushi, na damƙe bakin zani, na tambayi yara abin da ya biyo baya, sannan na ɗaga kai na kira ɗan farin da sunansa.

Da aka nuna, an datse rabi. Mata a kasuwa suka riƙa tare ni suna cewa, "Hajiya, wannan karon ai ba ki yi wasa ba, zama kawai kika yi." Da farko ina bayani, daga baya na koma cewa Allah ya ba da haƙuri. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar matar nan a kan yunwa take. Yanzu na ga cewa mu a sana'armu ɗaga faifai muka iya, mu nuna wa jama'a ƙwarya ba komai, su yi dariya ko su yi kuka. Wahalar dakan kuwa, da hannun da ke zuba gero ta kafar danga, ba su da kyan kallo, shi ya sa ba a ɗaukarsu. Wannan ya gajiyar da ni fiye da tsayuwar rana.

Bayan sallah na je gida. Baba ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma hankalinsa garau. Ƙanena Sani ya kunna masa fitowar a waya, ya kai ta dab da fuskarsa. Ina gefe a kan tabarma. Ya kalla har ƙarshe.

"Kin yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma ba haka ta faɗa ba."

"Yaya ta faɗa, Baba?"

"Ke kin faɗa kamar mai bankwana. Ita da fara'arta ta kira ni, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo." Ya shafa gemu. "Ku kuna cewa ranar hankalinta ya tafi. Ni kuwa ranar na taɓa jin sunana a bakinta."

Ya miƙa wa Sani wayar, ya ce a sake mayar masa wurin, ko da yake sunan da ake kira a ciki ba nasa ba ne.