Tsamiyar Inna a Cikin Kwamfuta

Shekarar da muka baro Karare, Inna ba ta ɗauko komai ba sai dardumar sallarta da ƙullin irin gero. Gona ta daina zuwuwa, kowa ya san dalili. Muka kama haya a cikin Batsari, ni da maigidana da yara, mahaifiyar tawa kuma muka ba ta ɗakin da ke kusa da madafa. A lokacin ganinta ya fara raguwa. A asibiti aka ce ciwon ba na aiki ba ne, magani gudu kawai zai rage masa.

Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare ta wajen Safana. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. In ya dawo ya yi la'asar, sai ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce injin wasa yake ginawa. Na yi sakandare, amma sai da ya yi mini bayani: wasan da yara ke yi a waya kamar zane ne, injin kuwa masaƙa. Shi masaƙar yake so ya haɗa da hannunsa. Zanen farko da zai saƙa kuma Karare ne, mutum ya taka daga ƙofar gidanmu, ya wuce tsamiya, ya kai rijiya.

Na kai wa Inna labari, domin shi ba zai iya ba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Daga bakin ƙofa yake gaishe ta, a durƙushe, kai a ƙasa. Ita ma ba ta kama sunansa. Komai ta bakina yake bi.

"Ki ce wa mutumin naki tsamiyar ta karkata gabas," in ji Inna. "Kada ya miƙar da ita kamar sandar wuta. Kuma ya yi sauri, ni da idon nan mun fara sallama."

Da wani yaren kwamfuta mai suna C ya fara. Kafin a yi girbi sai ga ƙasa ja, ga katangar gidanmu, ga tsamiya a karkace. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallo, hawaye suka zo mini. Sai dai hoton ba ya daɗewa yake ɗaukewa, sai Malam ya rubuta wasu abubuwa kafin ya dawo.

Na ce, "Malam, a kai wa Inna."

"Abin da ke faɗuwa? In shiga ɗakin surukata in zauna gefenta ina ta da shi kamar jakin da ya gaji? Ki rufa mini asiri."

"To koya mini, ni in kai."

"Bari dai ya tsaya da ƙafarsa."

Ya ce laifin yaren ne. Yana aron wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, in ka manta ba ka mayar ba, babu mai tuna maka, har wuri ya ƙare. Na ce irin maƙwabciyarmu ke nan da rariya. Ya yi dariya, ya ce akwai wani yaren, Rust, wanda a cikinsa kowane abu da mai shi, in ka ara kuwa ba za ka motsa ba sai ka mayar. Gaskiya ya burge ni. Na ce wannan yare da tsoron Allah yake. Ban san sauya yare na nufin rushe gini har tushe ba. Tsamiya ta ɓace, sai baƙin allo da jan rubutu.

Rani guda yana rigima da Rust. Ya rubuta, yaren ya ƙi karɓa. In ya karɓa, tsohuwar kwamfutar ta yi ta huci tana haɗawa har wuta ta ɗauke. Daga nan ya ce C++ ya fi, don manyan masu wannan sana'a da shi suke aiki, kayan haɗi kuma a shirye suke. Ya sake rushewa. Na sha kawo masa tuwo in tarar yana karanta gardamar mutanen da bai taɓa gani ba, kowa na yabon nasa.

Inna kan tambaya bayan azahar. "Ina aka kwana?"

"Yana zaɓen yare, Inna."

"Har yanzu? Da haka ubanki ya zaɓi iri, da ƙasa kuka ci." Sai ta ƙara da cewa, "Kada ki faɗa masa haka. Ki ce ina sa albarka."

Albarkar nake kai masa. Na kan ƙara da cewa idon yana tafiya, ya ce in sha Allahu saura kaɗan. Da gaske yake, ba mugu ba ne, shi yake zuwa har Katsina neman maganinta. Amma bai taɓa ganin yadda take laluben buta ba, domin kansa a ƙasa yake in yana gabanta. Kunyar da ake yabonsa da ita, ita ta tsare masa gani.

Sai a damina ta biyu ya kira ni. Ga katanga, ga tsamiya, har da rijiya da guga, kuma ba ya faɗuwa. Ya miƙo mini kwamfutar da hannu biyu, ya koma ya durƙusa a bakin ƙofarta.

Na ɗora mata a cinya. Ta shafa allon daga wannan gefe zuwa wancan.

"Da ɗumi," ta ce. "Me ke ciki, 'yar nan?"

Na faɗa mata, har karkatar tsamiyar. Ta gyaɗa kai.

"Allah ya yi albarka. Wane yaren ya zaɓa a ƙarshe?"

Na juya wajen ƙofa, don ban sani ba. Da ya amsa, ni ya gaya wa, kamar kullum.

"Ki ce mata na farkon. Layi kaɗan ne ke son gyara."

Ban maimaita ba, ta ji. Ta ture kwamfutar a hankali, ta ce in miƙo mata carbi.